Waƙa a Bakin Mai Ita: Matsayin Waƙar Asali a Nazarin Waƙoƙin Kwaikwayo na Barkwanci

Gabatarwa

Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Sai dai akwai wani irin mawaƙi da ke cin abinci da waƙar da ba tasa ba. Zai ɗauki waƙar da ta riga ta yi suna, ya bar kiɗanta da karin muryarta yadda suke, ya zare kalmomin mai ita ya zuba nasa domin a yi dariya. A ƙasar Hausa ƴan kama sun daɗe da wannan sana'a. A Amurka kuwa, babu wanda ya kai Alfred Yankovic, wanda aka fi sani da "Weird Al", shahara da daɗewa a cikinta.

Sau da yawa idan aka ba ɗalibi irin wannan waƙa ya yi nazari, sai ya rubuta cewa jigonta abinci ne, salonta ban dariya ne, ya ajiye alƙalami. Ra'ayin wannan maƙala shi ne irin wannan nazari ya tsaya a rabin hanya. Waƙar kwaikwayo ta barkwanci waƙa biyu ce ake ji a lokaci guda: wadda ke fita daga bakin mai kwaikwayo, da wadda kunnen mai sauraro ke tunawa. Dariyar tana fitowa daga tazarar da ke tsakaninsu. Wanda bai san waƙar asali ba, ba shi da ma'aunin wannan tazara. An zaɓi ayyukan Yankovic a matsayin misali saboda waƙoƙin da ya kwaikwaya duka suna nan a ajiye, da shekarunsu da labarinsu, don haka ana iya jera kowace kusa da ƴar'uwarta a gani.

Mawaƙin da Sana'arsa

An haifi Yankovic a jihar Kalifoniya a 1959. Ya tashi yana kaɗa akodiyan, wato abin kiɗan nan da ake rungumewa a ƙirji ana matsawa ana saki. Ya fara samun suna ta hanyar shirin rediyo na Dr. Demento, wanda ke sanya waƙoƙin ban dariya. A 1979 ya mayar da waƙar soyayya ta ƙungiyar The Knack mai suna "My Sharona" ta koma "My Bologna", yabon wani nau'in naman da ake sawa a burodi. Daga nan ya ci gaba har fiye da shekara 40. A 2014 kundinsa mai suna "Mandatory Fun" ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka, abin da wani kundin barkwanci bai yi ba tun 1963.

Wannan daɗewa ita kanta abin lura ce. Da yawa daga mawaƙan da ya kwaikwaya tauraronsu ya haska na ɗan lokaci ya dushe, shi kuwa yana nan. Saboda haka akwai matasa a yau da suka san kwaikwayon ba su san asalin ba. Matsalar da wannan maƙala ke magana a kai ke nan.

Harafi Ɗaya Tak

Waƙar Michael Jackson mai suna "Beat It" tana cikin kundin "Thriller" na 1982, kuma ta fito ita kaɗai a 1983. A Turancin kan titi na Amurka, sunan waƙar na nufin "ware", ko "ɓace daga nan". Nasiha ce ga matashi ya guji faɗan daba, kada son a ce masa namiji ya kai shi kushewa. Kiɗan yana da zafi, muryar Jackson tana fita da gaggawa kamar ta mai jan wani daga bakin wuta, kuma Eddie Van Halen ya kaɗa jita a tsakiyarta. A bidiyon an nuna ƙungiyoyin ƴan daba biyu sun haɗu, shugabanninsu sun zare wuƙaƙe, kafin rawa ta raba faɗan. Har da ƴan daba na gaske daga Los Anjalis aka sa a cikin bidiyon.

A 1984 Yankovic ya cire harafin farko na sunan kawai, waƙar ta koma "Eat It", wato "cinye shi". Mai magana ya zama mahaifi da ke fama da yaro mai tsanda, wanda ya ƙi cin abin da aka zuba masa. Bidiyon ya bi na Jackson fage bayan fage, sai dai cokula sun maye gurbin wuƙaƙe. Waƙar ta kai matsayi na 12 a Amurka, ta kai na ɗaya a Ostareliya, ta kuma samo masa lambar yabo ta Grammy.

Wanda ya ji "Eat It" kaɗai zai ce waƙar abinci ce. Wanda ya jera su biyun zai ga abin da Yankovic ya riƙe, wanda ya fi abin da ya sauya muhimmanci. Duka waƙoƙin biyu umarni ne daga babba zuwa ƙarami. Duka biyun suna ɗauke da fargaba da matsa lamba, kuma a duka biyun mai magana ya san ba lallai a saurare shi ba. Yankovic bai rage zafin muryar ba ko kaɗan. Abin da ya rage shi ne girman lamarin: gaggawar da ta dace da batun rai da mutuwa sai ga ta a kan kwanon abinci. Wannan rashin daidaito tsakanin murya da magana shi ne abin dariyar. Da zai rera kalmomin nan a kan kiɗa mai sanyi na ƙirƙirar kansa, da waƙar ta zama faɗan da kowace uwa ke yi a tsakar gida, ba wanda zai juyo.

Aljanna Uku

Misali na biyu ya fi nauyi. A 1995 mawaƙin gambarar zamani Coolio, tare da mawaƙi L.V., ya fitar da "Gangsta's Paradise", wato aljannar ɗan daba, domin fim ɗin "Dangerous Minds". Ita ce waƙar da Billboard ta sanya a sahun farko na waƙoƙin wannan shekara a Amurka. Mai magana a cikinta matashi ne da ya girma cikin bindiga da talauci, yana duba rayuwarsa da nadama, ba shi da tabbacin zai ga baɗi. Kalmar aljanna a sunan waƙar gatse ce.

A 1996 Yankovic ya mayar da ita "Amish Paradise". Amish wata al'umma ce ta Kirista da kakanninsu suka yi ƙaura daga Turai zuwa Amurka tun ƙarni na 18, suka yi yawa a jihar Fensilbaniya. Suna ƙaurace wa mota da wutar lantarki ta gwamnati, suna tafiya a keken doki, suna noma da tatsar shanu, kuma aƙidarsu ta hana su ramuwa ko ɗaukar makami. Yankovic ya ba manomin Amish muryar ɗan daba, da taƙamarsa da nauyin numfashinsa, yana alfahari da kaɗa man shanu da sammakon gona. A nan ya juya duniyar waƙar gaba ɗaya: birni ya koma ƙauye, mai bindiga ya koma mai haƙuri, kuma aljannar da Coolio ya faɗa da gatse ta zama wadda mai magana ya yarda da ita har zuci.

Coolio bai ji daɗi ba. Ya bayyana a fili cewa bai ba da izini ba, kuma yana ganin waƙarsa ta fi ƙarfin a yi wasa da ita. Yankovic ya ce kamfaninsa ne ya shaida masa an amince, ya kuma nemi afuwa. Bayan shekaru sun shirya, har Coolio, wanda ya rasu a 2022, ya yarda cewa ya yi kuskure da ya ɗauki zafi. Duk da haka ƙorafinsa na farko ba shirme ba ne, kuma mai nazari ba zai gane dalilinsa ba sai ya saurari waƙar asali. Nauyin kukan matashin nan shi Yankovic ya ara ya ɗora wa manomi. Da waƙar Coolio ba ta da nauyi, da ta Yankovic ba ta ba da dariya ba. Gwargwadon girman abin da aka ara, gwargwadon bashin da ke kan mai aro.

Akwai kuma wani abu da kwatance ke tonowa. Kiɗa da amshin waƙar Coolio ba nasa ba ne tun farko. An gina su ne a kan "Pastime Paradise" ta Stevie Wonder, daga kundin "Songs in the Key of Life" na 1976, wadda ke jan kunnen masu ɓata rayuwarsu da mafarkin abin da ya wuce. Wonder ma sai da ya gindaya sharaɗin a cire ashar kafin ya amince a yi amfani da ita. Ke nan kari guda ya ɗauki wa'azi a 1976, ya ɗauki kuka a 1995, ya ɗauki dariya a 1996. Ɗalibin da ya bi wannan salsala zai koyi darasin da ba ya samuwa daga waƙa ɗaya: karin murya yana ɗauke da yanayi, amma kalmomi da mai faɗarsu ne ke yanke hukuncin inda yanayin zai nufa. Zai kuma gane cewa kalmar "asali" sai an yi taka-tsantsan da ita, domin mai waƙa ma wani lokaci ɗan aro ne.

Idan Waƙar Asali ce Abin Ba'a

A misalan da suka gabata, ba Jackson ko Coolio ake yi wa dariya kai-tsaye ba. Amma akwai inda kibiyar ke komawa kan mai waƙar. A 1991 ƙungiyar Nirvana ta fitar da "Smells Like Teen Spirit", wadda ta girgiza kiɗan rok, duk da cewa masu sauraro da yawa ba sa iya tsintar kalmomin da Kurt Cobain ke furtawa. A 1992 Yankovic ya yi "Smells Like Nirvana", kuma jigonta shi ne wannan matsala kanta: mawaƙi yana ta ihu, ba wanda ya san abin da yake cewa, har shi kansa. A wani wuri Yankovic ya rera karin da kurkurar ruwa a maƙogwaro. Lokacin da ya kira Cobain neman izini, Cobain ya tambaya ko waƙar abinci ce za a yi. Da aka gaya masa ainihin jigon, sai ya amince.

Wannan waƙa sharhi ce a kan waƙa, kuma idan aka raba ta da asalinta ba abin da ya saura. Bambancin nan har kotu ta taɓa kula da shi. A 1994 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci a shari'ar da kamfanin Acuff-Rose ya kai ƙungiyar 2 Live Crew, wadda ta kwaikwayi "Oh, Pretty Woman" ta Roy Orbison ta 1964 bayan an hana ta izini. Kotun ta ce kasancewar an yi kwaikwayo domin kuɗi bai isa ya mayar da shi satar fasaha ba. Ta kuma bambanta kwaikwayon da ke sharhi a kan aikin asali, wanda dole ya ari wani abu daga gare shi kafin a gane inda ya dosa, da wanda ya hau aikin kawai domin ya yi ba'a ga wani abu daban. Alƙalan ba su kai ga wannan ba sai da suka jera waƙoƙin biyu.

Waƙoƙi biyu na baya-bayan nan sun ƙara fito da bambancin. "White & Nerdy" ta 2006, wadda ita ce ta farko da ta kai Yankovic cikin goman farko a Amurka, an ɗora ta a kan "Ridin'" ta Chamillionaire. Waƙar asali tana maganar yadda ƴan sanda ke tare baƙaƙen fata a kan hanya suna neman laifin da za su liƙa musu. A kwaikwayon, farar fata ne ɗan boko, mayen kwamfuta, yake son shiga cikin ƴan unguwa amma suna gudunsa. Na farko ana binsa saboda kamanninsa, na biyu ana guje masa saboda nasa. Wanda bai san "Ridin'" ba zai yi dariyar ɗan boko, amma ba zai ga yadda aka taɓo batun launin fata ba. Ita kuwa "Word Crimes" ta 2014, wadda ke caccakar masu kurakuran nahawu da rubutu, ba ta da wata alaƙa ta jigo da "Blurred Lines" ta Robin Thicke ta 2013, wadda aka soka saboda yadda ta ɗauki mata. Yankovic ya ɗauki kiɗan ya bar maganar a inda take. Gano cewa alaƙar ba ta wuce kiɗa ba, shi ma sakamakon nazari ne, kuma sai da kwatance ake samunsa.

Ƙorafin da Ake Iya Yi

Wani zai ce waƙar da ta amsa sunanta ya kamata ta tsaya da ƙafarta. Yara da dama sun yi dariyar "Eat It" ba su taɓa jin "Beat It" ba, to mene ne na tilasta kwatance? Akwai gaskiya a nan. Gwanin kwaikwayo yakan saka barkwancin da kowa zai kama, kuma Yankovic yana da waƙoƙi na ƙashin kansa da ba su jingina da wata waƙa guda ba. Amma jin daɗi daban, nazari daban. Baƙon da ya ga Bafulatani da Babarbare suna zolayar juna zai iya yin dariya, sai dai ba zai iya bayyana dalilin da ya sa maganar ba ta zama faɗa ba idan bai san wasan da ke tsakaninsu ba. Aikin ɗalibi shi ne ya bayyana dalili.

Wani kuma zai ce kwaikwayo aikin raggo ne, tunda an riga an yi masa kiɗa. Wanda ya taɓa gwada zuba sababbin kalmomi a kan tsohon kari ya san ba haka ba ne. Mawaƙin asali yana da damar lanƙwasa kari ya bi kalmarsa. Mai kwaikwayo ba shi da wannan dama: yawan gaɓoɓi, wurin numfashi, amsa-amo da amshi duk an riga an kafa su, kuma kunnen jama'a zai kama shi da zarar ya kauce. Kama da wane ba wane ba ne, amma sai kamar ta yi ƙarfi sosai kafin bambancin ya ba da dariya.

Batun haddi ma kwatance ne ke fito da shi. Yankovic yana da al'adar neman izinin mai waƙa, kuma yakan haƙura idan an hana. Prince bai taɓa amince masa ba. Paul McCartney ya ƙi yarda a mayar da "Live and Let Die" waƙar naman kaza saboda shi ba ya cin nama. Jackson, wanda ya amince da "Eat It" da kuma "Fat" ta 1988, ya nemi kada a taɓa "Black or White" saboda muhimmancin saƙonta na daidaito tsakanin jinsuna. Mutum guda ya ce e a kan waƙa biyu, ya ce a'a a kan ta uku. Dalilin yana cikin waƙoƙin asali.

Darasi ga Ɗalibin Hausa

Tambayar da Cobain ya yi, ko waƙar abinci ce, Bahaushe ba zai ji ta baƙuwa ba. Ƴan kama sukan kwaikwayi muryar malami mai karatu ko wa'azi, ko karin wata sananniyar waƙa, su karkatar da zancen zuwa tuwo da nama da fura. Tun 1967 C. G. B. Gidley ya yi rubutu a kan ƴankamanci. Dabarar iri ɗaya ce da ta "Eat It": murya mai kwarjini ɗauke da maganar ciki. Ba wai wani ya koya daga wani ba ne. Abinci shi ne buƙatar da ke daidaita sarki da talaka, don haka duk inda ake son sauko da magana daga sama, nan ake nufa. A yau ma matasa na ɗora zancen tsadar rayuwa ko yunwar azumi a kan karin waƙoƙin fim suna yaɗawa ta wayar salula.

Sai dai ba duk aron kari ne barkwanci ba. Mawaƙan finafinan Hausa sun ari karin waƙoƙin Indiya sun zuba kalmomin soyayya, wasu masu bandiri a Kano kuma sun zuba yabon Annabi a kan irin waɗannan karuruwa. A nan ba dariya ake nema ba. Na farko ya bar waƙar a matsayinta, na biyu yana ganin ya ɗaga ta, ɗan kama kuwa sauko da ita yake yi da gangan. Ba a sanin ko an ɗaga ko an sauke sai an san inda waƙar take tun farko.

Saboda haka ya kamata ɗalibin da zai nazarci irin wannan waƙa ya fara da neman waƙar asali ya saurare ta da kunnensa, ya san wanda ya yi ta da lokacin da aka yi ta da matsayinta a wurin jama'a. Sannan ya rubuta su biyun ɗango da ɗango, ya ware abin da aka riƙe da abin da aka sauya: kari, amshi, amsa-amo, mai magana, da wanda ake yi wa magana. A Hausa akwai ƙarin aiki, domin harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. Mai kwaikwayo da Turanci yana neman kalmar da nauyin furucinta ya faɗi a daidai bugun kiɗa, na Hausa kuwa dole ya kula da gaɓa mai nauyi da marar nauyi, da hawa da saukar murya, in ba haka ba kalmar ta karye a baki ko ta ba da wata ma'ana. Daga ƙarshe ɗalibin ya tambayi kansa: wa ake yi wa dariya? Mai waƙar asali ne, ko wanda aka ɗora wa muryarsa, ko mai sauraro da kansa?

Kammalawa

Mai nazarin Yankovic yana da sa'a, domin kowace waƙar da ya kwaikwaya tana nan a intanet. Mai nazarin waƙoƙin Hausa a Damagaram ko Maradi ko zangon Kumasi ba kullum yake da wannan sa'a ba. Waƙar da ɗan kama ya kwaikwaya shekara 50 da suka wuce tana iya kasancewa a tsohon kaset da ya fara lalacewa, ko a ƙwaƙwalwar dattijo guda. Idan aka adana kwaikwayon aka bar asalin ya salwanta, na baya za su gaji kalmomin tuwo da fura, su rasa abin da ya sa kasuwa ta ɓarke da dariya ranar da aka rera su. Don haka duk ɗalibin da ya je ɗaukar irin wannan waƙa, kada ya kashe na'urarsa sai ya tambayi mai rerawa da masu sauraro: wannan karin na wace waƙa ce, kuma wa zai iya rera ta yadda mai ita ya yi?